Azumin da Muka Yi a Kan Tulunan Wuri

Bana azumi ya sake faɗowa cikin damina. Yau kwana tara ke nan ruwa bai ɗauke ba a nan Bahiya, garin Turawa na hayin teku inda bauta ta kawo mu, bangon ɗakina ya yi gansakuka, tabarmata sai warin rima take yi. Jiya na ja ƙafa na je kanti sayen garin rogo na buɗa-baki, mai kantin, wani Bature mai jan hanci, ya ce mini gari ya hau. Na ce me ya hau da shi, rogon ne ya yi fuka-fuki? Ya ce a'a tsohuwa, kuɗin ƙasar nan ne ya faɗi a Landan. Na tsaya ina kallonsa. Ni dai ban taɓa ganin Landan ba, rogon ma bai taɓa ganinta ba, shi kansa mai kantin na rantse bai san ta inda ake bi ba. Na biya, na tofar da yawu a bakin ƙofarsa, na fito. Tun daga nan wancan azumin na wajen shekara talatin da suka wuce ya zo ya zauna mini a ƙirji, ya ƙi tashi.

Sunana Ladi. Turawan da suka saye ni sun zuba mini ruwa a ka suka ce sunana Domingas, to su ta shafa. Daga ƙasar Katsina aka kawo ni ina budurwa, na yi shekaru ina wanki a wani gida a unguwar Vitória, har na fanshi kaina da tallan abinci. Maigidana Malam Tanko Bazamfare ne, shi ma kansa ya fansa. Aikinsa ɗaukar kujera. Garin nan biyu ne, ɗaya a kan tudu, ɗaya a ƙasa bakin teku, hanyoyin da suka haɗa su kuwa kusan a tsaye suke. Mai hali ba ya hawa da ƙafarsa. Yakan shige wata kujera mai labule, mutum biyu su saɓa sandarta a kafaɗa, ɗaya gaba ɗaya baya, su hau da shi. Yanzu sun gina wata na'ura mai jan mutane sama kamar guga a rijiya, kujerun duk sun kusa ƙarewa. A wancan zamani kafaɗar Malam ce ke wannan aiki, har kanta ta fito masa a kafaɗar dama, baƙa ƙirin, mai tauri. Muna zaune a wani ɗaki ƙarƙashin bene kusa da gangaren titin da ake kira Ladeira da Praça, rabinsa cikin ƙasa, tagarsa ɗaya daidai da ƙafafun masu wucewa.

Malam mutum ne mai tsantseni, ba ya shan taba, ba ya zaman banza, amma akwai shi da taurin kai. Abu ɗaya ne a ransa tun ranar da ya karɓi takardar 'yancinsa, shi ne gida. Jirage na tashi daga nan zuwa Ikko, 'yantattu suna komawa, galibi Yarabawa, waɗanda a nan ake ce wa Nago. Shi ba Ikko yake nufi ba. So yake ya bi ayari daga can ya haye Kwara, ya isa Zamfara, ya sayi gona da shanu biyu, in ya mutu a binne shi inda ake kiran salla da ƙarfi. Ni ma ina so, kada wani ya ce ban so ba. Allah bai ba mu haihuwa ba, babu abin da ya riƙe mu a ƙasar nan sai abin tafiya.

To, a kan kalmar nan kuɗi muka halaka. Mu da muka taso a can, in an ce kuɗi wuri ake nufi, farin wuri, wanda ake zubewa a tabarma a ƙirga biyar-biyar. Malam yana yaro ya ga ubansa ya sayi maraƙi da wuri. Ya ga an biya sadakin yayarsa da wuri. Shi kansa da aka kama shi da wuri aka yi cinikinsa, yana tsaye yana jin ƙarar zubarsa. Saboda haka bakinsa bai taɓa yarda ya kira na Turawa kuɗi ba. In ya dawo da yamma sai ya ce, "Ladi, ga takardun yau." In 'yan tagulla ne ya ce, "Ga ƙarafan."

"Wannan ai in ruwa ya taɓa ta ta zama kunu," haka yake cewa yana kaɗa takardar. "Wa zai karɓi hoton sarkin Turawa a kasuwar Zamfara? Zinariya kuma in 'yan sanda suka same ta a ɗakin baƙin mutum sai su ce sato ta ya yi. Kuɗi kuwa ko shekara ɗari ya yi a ƙasa, ki tono ki wanke, kuɗi ne."

Akwai wata Bayarabiya a kasuwar ƙasa, Iya Alake, mai sayar da kayan da ake kawowa daga Ikko: goro, sabulu, zannuwa, barkono, da wuri. Masu sayen wurinta 'yan borin Nago ne, su ɗinka a rigunan rawa, su yi duba da shi, ba sa wuce ɗan cikin tafin hannu. Sai ga Malam. Duk Juma'a abin da ya rage mana ya kai mata, ta ƙirgo masa wuri, ya ƙunso a riga ya kawo. Shekara goma sha biyu yana haka, har muka cika tulu bakwai a ƙarƙashin gadon katako. Ba wanda ya sani sai mu uku, don gudun ɓarayi da 'yan sanda masu binciken ɗakunan baƙaƙe. Haka muka raba aiki: shi yana tara wurin guzuri da na gona, ni kuma ina tara kuɗin shiga jirgi daga talla, wanda dole na Turawa ne, a ƙulle cikin tsumma a tukunyar gishiri. Ya kusa cika. Mun riga mun yanke cewa bayan ƙaramar salla jirgin farko da zai tashi da mu zai tafi.

Sai shekarar ta zo da abin da ta zo da shi. Annobar amai da gudawa ta wuce ba da daɗewa ba, ta kwashe manoman rogo na hayin ruwa. A can cikin ƙasa kuma aka yi fari. Kwale-kwalen da ke kawo gari suka ragu, ɗan wanda suka kawo ma manyan 'yan kasuwa sukan tare shi tun a bakin ruwa, su loda a jirgi su kai inda ya fi tsada. Da idona na ga buhunan gari suna shiga jirgi tare da sukari da taba, 'yan dakon da ke ɗauka kuwa ba su karya ba tun safe. Tir da wannan! Ga bankuna sun yi yawa, kowanne yana buga takardarsa da irin launinsa. Sai labari ya zo cikin jirgi wai wasu manyan gidajen ciniki sun karye a ƙasashen Turawa, masu ba attajiran nan jari sun ce a mayar musu da abinsu. Ban gane ba a lokacin, yanzun ma ba zan ce na gane ba. Abin da na gane shi ne takardar da ke saya mini mudu huɗu ta koma biyu take saye. 'Yan tagulla suka ɓace ƙaf, kowa ya binne nasa.

Cikin watan Sha'aban Malam ya same ni ina tankaɗe, ya tsuguna.

"Ladi, takardun nan naki narkewa suke yi a tukunya. Kawo mu mai da su kuɗi tun suna da sauran numfashi."

Na ce, "Haba Malam, mai jirgi fa Bature ne. Da me za mu biya shi?"

"Ina za shi? Ba Ikko ba? Da me zai sayi manja a Ikko? Da kuɗi. Mu ba shi abin da zai kashe a can, ai gode mana zai yi."

Wallahi maganar ta shige ni. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin ƙyamar kaina. Ba ƙwace ya yi ba, ba tsawa ya yi mini ba. Da hannuna na kwance tsumman, ina ma yi masa dariya wai ya fi Turawa wayo. Tallan shekara tara na miƙa masa, ya kai wa Iya Alake, tulu bakwai suka zama tara.

Wata ya tsaya. Wani tsohon malami mai gyaran takalma ne ya raɗa mana, don tun bayan da aka murƙushe boren Musulmin garin nan a unguwar Água de Meninos ba mai ɗaga murya da sha'anin addini. Ranar da muka ɗauki azumi ranar sama ta ɓalle. Ruwan garin nan ba irin namu ba ne da zai zo da iska ya yi ya gama. Zuba yake yi a hankali, kwana da kwanaki, da ɗumi, ga gumi ga ruwa, tufa ba ta bushewa. Duk ƙazantar garin sama sai ta biyo hanya ta gangaro, kashin doki, wankin mahauta, matattun ɓeraye, abin da ake zubarwa daga tukwanen bayan gida. Ta tagarmu take wucewa. Wani lokaci ta leƙo.

Sahur ɗinmu gari ne a jiƙa da ruwa, a barbaɗa gishiri. Gari ya waye Malam ya tafi matsayarsu ta masu kujera, ni in ɗora tukunyar wake da tuwon rogo in gangara bakin teku wajen 'yan dako. Aikinsa ya ƙaru, don mai kuɗi ba ya taka laka, amma abin da ake ba shi bai ƙaru ba. Nawa cinikin kuwa ya mutu. Mutum ya zo ya tsaya yana shaƙar tururin tukunya, ya haɗiye yawu ya wuce. Wanda ya saya ya miƙo takarda, ba ni da canjin ba shi. Ranaku da yawa na hau tudu da abin da na sauka da shi, ya yi tsami, mu buɗe baki da shi. Daga baya ma na daina dafawa, ba jarin.

Garin da muke samu kada Allah ya maimaita. Launin toka ne, ya dunƙule, yana warin fitsarin ɓera, ƙwari na yawo a ciki. In tace shi da tsumma, ba ranar shanya, sai in soya shi a kasko ko warin zai ragu. Ba ya raguwa. Busasshen naman da ake kawowa daga kudu gefensa ya yi kore, in na jiƙa shi tsutsa ta taso tana iyo a kan ruwa, in kwashe da ludayi in zubar, in sake jiƙawa, in dafa, mu ci mu ce alhamdulillahi. Kafin goma ga wata shi ma ya fi ƙarfinmu. Muka koma kan kifi da masunta ke jefarwa, da ganyen rogo wanda sai an yi kwanaki ana tafasa shi kafin gubarsa ta fita. Dasashina ya kumbura yana jini. Haƙorana biyu na ƙasa a wannan watan suka fita, ɗaya ina alwala ya faɗo mini a tafin hannu. Malam kuwa ƙasusuwan wuyansa suka fito, kantar kafaɗarsa ta jiƙe ta tsage ta fara ruwa. Kullum bayan magariba sai na gasa masa da ruwan gishiri mai ɗumi, yana cije leɓe yana tasbihi.

Duk wannan a kan tulu tara muke kwana. Ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasan ɗaki, wurin ya ɗauki ɗanshi, sabon da muka saya ya fara wani irin wari, na ruɓaɓɓen naman teku da ya maƙale a cikinsa. Dole duk Juma'a mu toshe taga, mu juye shi a tabarma, mu wanke da toka, mu goge da tsumma, mu mayar. Da bakin azumi, ciki na kuka, ina wanke dukiya ina toshe hanci. Nan na lura da wani abu.

Na ce, "Malam, dubi waɗannan. Ba irin na da ba ne. Na da ƙanana ne farare tas. Waɗannan ƙatta ne, ga wani zobe rawaya a bayansu."

Ya ɗauki ɗaya ya juya, fuskarsa ta washe. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin azumi.

"Kin gani? Allah ya yi wa Iya albarka. Babba take ba mu a farashin ƙarami."

Muka yi murna, mu biyu, a zaune cikin laka.

Ran sha bakwai ga wata abokin ɗaukarsa ya kawo shi gida a rataye. Sun sauke wani attajiri a saman tudu, Malam ya miƙe, sai ya zube. Na shafa masa ruwa a fuska har ya farfaɗo, na ce ya karya azumin ya ƙi. Da aka sha ruwa na durƙusa a gabansa.

"Malam, don girman Allah, rabin tulu kawai. In kai wa Iya ta ba mu abin da za mu sayi gari mai kyau da ɗan nama. Rabin tulu cikin tara."

"Ko ƙwaya ɗaya."

"To gawa ce za ta je Zamfara?"

"Ba namu ba ne, Ladi, na can ne. Yau rabin tulu, gobe tulu, jibi mu wayi gari mun cinye gonar. Saura kwana nawa? Yi haƙuri."

Na tsane shi a ranar, ba zan ɓoye ba. Na tsani haƙurinsa, na tsani tasbihinsa, na tsani yadda yake shafa bakin tulun kafin ya kwanta. Na faɗa masa maganganun da mace ba ta faɗa wa miji. Da asuba na jiƙa masa garinsa mai ƙwari na ba shi, ya sha ya fita.

Ran ashirin da huɗu jirgi ya iso daga Ikko, a cikinsa akwai Garba. Garba Bazazzagi ne, 'yantacce, ƙanen Malam a shekaru, yana fatauci tsakanin nan da Ikko. Shekara huɗu ke nan rabon da ya zo. Malam ya gayyato shi buɗa-baki, don yana so ya yi mana magana da mai jirgi. Kunya ta kusa kashe ni, kunun gari da gishiri na ajiye wa baƙo. Shi kuwa ya sha bai nuna komai ba, ya fito da goro uku ya ajiye mana. Malam ya sa na toshe taga, ya jawo tulu ɗaya, ya buɗe, ya koma gefe yana murmushi.

Garba ya leƙa. Ya tura hannu ya ɗebo, ya bar shi ya zube. Ya duƙa ya ga sauran takwas a ƙarƙashin gado.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, duk wannan wuri ne?"

"Duk kuɗi ne. Har na jirgi a ciki."

"Har na jirgi?" Ya juyo wajena. "Uwargida, gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne. Ya dafe kai. Malam ya ce masa ya yi magana mana, wani ne ya mutu?

Garba ya ce, "Yaya, ka yafe mini abin da zan faɗa. Turawa sun gano wani teku can ta gabas inda irin wannan mai zoben yake zube kamar tsakuwa. Jirgi-jirgi suke cikowa su juye a Ikko su sayi manja. Kowace shekara sai sun ƙara. Abin da za ka sayi rago da shi sa'ad da na fara zuwa, yanzu zakara ma sai ka yi ciniki."

"Wannan a Ikko ne," in ji Malam. "Ni Zamfara za ni."

"Ya haye Kwara tuni. Fatake na ta kuka. Ka ɗauki mai dako ya ɗaukar maka buhunsa, kafin ku yi nisa ya ci rabin kayan a abincinsa. Ƙananan fararen sun ɗan fi daraja, amma su ma babban ya ja su ƙasa."

"Mai jirgi fa?"

"Mai jirgi kai zai caja kuɗin nauyinsu. Irinsu ake zubawa a gindin jirgi don kada iska ta kifar da shi."

Ni ce na tambaya. Na ce ina Iya Alake ke samo nata? Garba ya sunkuyar da kai.

"Daga Ikko mana. Ni kaina zuwana na ƙarshe buhu biyu na kawo mata, kusan kyauta. Wallahi na zaci 'yan bori ne ke saye."

Ashe shekarun nan abin da ake sharewa daga Ikko muke saye da tsada, don mu mayar da shi Ikko. Malam ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya riƙe tsakanin yatsu biyu, yana kallonta.

Ya ce, "Amma kuɗi ne."

Garba ya ce, "A da ke nan, Yaya."

Washegari da hantsi muka tafi wajen Iya, ni da Malam, ruwa na dukanmu. Tana zaune a rumfarta ta yi ɗaurin ɗankwali ya kai wane tudu, tana cin goro. Na fara da Yarabancina na kasuwa, ban tsaya gaisuwa ba. Na ce ta san abin da wuri ya zama a Ikko? Ta ce ta sani. Na ce tun yaushe? Ta ce an daɗe. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Ta dubi Malam ta ce, "Baba Hausa, ka taɓa tambayata na ƙi faɗa maka? Ka ce in sayar, na sayar. Ni ma fa sayar da ni aka yi, ba wanda ya tsaya yi mini bayani."

Na ce ta mayar mana da takardunmu, ko na jirgin kaɗai. Ta yi dariya har da tafa cinya. Ta ce takarda ta daɗe da tafiya ta zama kaya, kuma wa ke da takardar bayarwa a wannan shekara? In muna so za ta karɓi wurin ta ba mu gari, don Allah, don kuma Baba tsohon mai ciniki ne, ko da yake zai yi mata shekara goma kafin 'yan bori su saye shi. Muka bar ta, muka zaga kasuwar ƙasa kaf, rumfa-rumfa. Wani ya ce zai ɗauki cikin tafin hannu. Wani ya tambaya ko mun haukace ne. Da la'asar muka dawo gabanta.

Kwana biyu muna jigilar tuluna. Ta buɗe wani ɗaki a bayan rumfar, sai ga buhunan gari fari tas, busasshe, mai ƙamshi, irin wanda muka yi watanni ba mu gani ba. Ashe yana nan a ɓoye yana jiran farashi. Wurin da ta sayar mana tana ƙirgawa ɗaya-ɗaya, da mudu ta auna shi. Mudu biyu na ƙanana, mudu ɗaya na gari. Masu zobe mudu uku. In wuri take awo sai ta tara shi ya yi tsini yana zubewa, in gari ne ta sa gefen hannu ta shafe bakin mudun. Na buɗe baki zan yi masifa, Malam ya taɓa hannuna.

"Bar ta. Zuba mata ƙwanson nan mu tafi."

Ƙwanso ya ce. Na juyo na kalle shi, shi kuwa ƙasa yake kallo. Wurin da aka tara don gona a ƙasar Musulmi, da gumin mai azumi, ya tafi ya zama adon rigar 'yan bori.

Da wannan garin muka yi salla. Na tuƙa tuwo mai laushi, na yi miyar kuɓewa da ɗan kifin da Garba ya kawo. Malam ya ci ya yi hamdala. Ni loma uku na yi, na fita na amayar a kwata. Garin ya kai mu wata biyu da 'yan kwanaki, muka cinye shekara goma sha biyu ɗinsa da tara ɗina. Garba ya so ya taimaka, amma shi ma jarinsa na cikin kaya, abin da ke hannunsa ko kuɗin mutum ɗaya bai kai ba. Mun sake fara tara kuɗin jirgi daga baya, sau biyu, ciwo ya cinye na farko, tsufa ya cinye na biyu. A ƙasar nan aka binne Malam, mutum biyar suka yi masa salla a raɗe.

Har yau ban san sunan ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka ciko jiragen nan da wuri ba. Su ma ba su san da mu ba. Wannan ya fi ƙona mini rai a kan Iya Alake, ita dai na san fuskarta, na samu na zage ta.

Kwana goma sha biyu bayan salla jirgin ya tashi. Ruwa ya ɗan tsagaita ranar, na koma talla, ina zaune da tukunyata kusa da inda kwale-kwale ke kwasar fasinja zuwa jirgi. Masu komawa sun taru da akwatunansu, tsofaffi galibi, ana rungume-rungume ana kuka. Garba na cikinsu. Sai ga kujera mai koren labule ta gangaro daga tudu, Malam a sandar gaba. Wani attajiri ne ya zo ganin lodin tabarsa a wannan jirgin. Suka sauke shi, ya fita ya yi magana da mutanensa, Malam ya tsaya a gefen kujera yana haki, idonsa a kan ruwa. Bai gan ni ba, ni kuma ban kira shi ba.

Garba ya riga ya shiga kwale-kwale, ya hango shi, ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu.

"Yaya! Akwai saƙo?"

Attajirin ya dawo ya shige kujera, ya ja labule, ya ƙwanƙwasa katakon da sandarsa sau biyu. Malam ya dubi Garba.

Ya ce, "A gai da gida."

Haka kawai, yadda ake ce wa maƙwabci in ya zo hira zai koma. Sannan ya durƙusa ya sa kafaɗa, suka juya suka kama hawan tudu.